Mabuɗi a Hannunka, Magani a Wuyanka: Haƙƙin Tsararre a Makwar da Ƙauyukan Jazira

Da hantsi, a ƙofar manyan ofisoshin 'yan sanda tsakanin Wad Madani da Sinnar, akan ga wasu mutane tsaitsaye waɗanda ba ƙara suka kawo ba, ba kuma ƙararsu aka kawo ba. Yawancinsu mata ne, sun yafa tob, kowace tana riƙe da jeren kwanonin nan da ake kira amud. A ciki akwai kisra ko asida da miya, wani lokaci tuwon dawa da miyar kuka irin wanda kakanni suka zo da shi daga yamma. A ƙulle a gefen mayafi kuma akwai abin da ya fi abincin tsada, wato ƙwayoyin hawan jini ko na ciwon suga ko na zazzaɓi. Abinci dai akan juya shi da cokali a bari ya shiga. Magani kuwa sai yadda aka dace da mai gadin ƙofa. Wani ya karɓa, wani ya ce a jira hafsa, wani ya ce sai da takardar likita.

Wanda ake kai wa yana cikin harasa, sunan ɗakin tsare mutane a Larabcin Sudan, wanda Hausawan yankin suka daɗe da mayarwa nasu. Alƙali bai yanke masa hukunci ba, wataƙila ma bai taɓa ganin fuskarsa ba. Zargi ne kawai a kansa. Amma tun daga lokacin da aka turo ƙyaure aka murza mabuɗi, ba shi da ikon takawa zuwa kantin magani, ko neman mai allura, ko aika yaro ya kira makwabci. Dokar Sudan ta san da haka, ta kuma faɗi wanda nauyin ya koma wuyansa.

Hausawan wannan yanki ba baƙi ba ne. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'ar da ta tsira, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan. Da aka kammala madatsar ruwa a ƙauyen Makwar a 1925, aka buɗe gandun auduga na Jazira, sai maniyyata aikin hajji da 'yan ci-rani daga Kano, Katsina, Sakkwato da Barno suka riƙa yada zango suna aikin gona. Da yawa ba su tashi ba. Jikokinsu 'yan Sudan ne, wasu a garuruwa da ƙauyuka masu tarihi, wasu a zangon leburori da ake kira kambo, jam'insa kanabi.

Abin da ke rubuce

Dokar Tafiyar da Shari'ar Laifuka ta Sudan ta 1991 ba ta yi kwana-kwana ba. Sashe na 83 ya tanadi cewa wanda aka kama za a riƙe shi cikin mutunci irin na ɗan Adam, ba za a cutar da jikinsa ko hankalinsa ba, kuma za a samar masa da kulawar likita da ta dace. Sashen ya ba shi damar sanar da iyalinsa, da tuntuɓar lauyansa, da karɓar abinci da tufafi daidai gwargwado daga aljihunsa. A lura da bambancin. Ƙarin abinci da sutura an bar wa mutum ya nemi nasa in yana so, amma magani an ɗora shi a kan hukumar da ta kama shi.

Dokar ta kuma sa ido a kan masu mabuɗi. 'Yan sanda na iya riƙe mutum awa 24 domin bincike, wakilin niyaba, wato mai gabatar da ƙara, na iya ƙarawa zuwa kwana uku, bayan nan sai da sa hannun alƙali. An kuma wajabta wa wakilin niyaba ya riƙa zagaya ɗakunan harasa kullum, ya duba littafin da ake rubuta sunayen waɗanda aka kama, ya tabbatar ana riƙe su yadda doka ta ce. Da ana yin wannan zagaye kamar yadda aka rubuta, da wuya mutum ya kwana uku yana rawar ɗari a kan siminti ba wanda ya sani.

Sai wata takarda da kowane ɗan Sudan ya san sunanta, Urnik Tamanya, wato fom mai lamba 8. Ita ce ake ba wanda aka ji wa rauni ya kai wa likita, likita ya rubuta abin da ya gani, kotu ta karɓa a matsayin hujja. Matsalarta ɗaya ce, galibi a ofishin 'yan sanda ake karɓarta. In makwabci ne ya fasa wa mutum kai a rikicin ruwan ban gona, ba wahala. In kuwa a cikin harasa aka samu raunin, to iyali za su roƙi takardar shaida ne daga hannun da suke zargi.

Dabbar da ke turke

A kasuwa akan ji mai cewa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, me zai sa a kashe kuɗin gwamnati a kan ɓarawo alhali masu gaskiya ba su samu gado a asibiti ba? Amsar tana nan a kowane gidan manomi. Akuyar da ke yawo ita ke neman ciyawarta, amma wanda ya ɗaure ta a turke ya san ruwa da harawa sun hau kansa, in ta mutu kuma ba wanda za a tambaya sai shi. In haka ne ga dabba, ina ga mutumin da har yanzu doka ke ɗaukarsa marar laifi? Ko an same shi da laifin ma, hukuncin da alƙali ya furta shi ne hukuncinsa. Babu kotun da ke ɗaure mutum shekara biyu ta haɗa masa da makanta ko shanyewar ɓarin jiki.

Akwai kuma ɓangaren shari'ar kanta. Mai ciwon suga da ya kwana biyu ba allura ba zai iya bin abin da ake karanta masa ba, balle ya kare kansa. Wanda ake riƙe masa magani har sai ya sa hannu a kan takarda zai sa hannu a kan kome. Rashin lafiyar wanda ake tuhuma kan ɓata shari'a tun kafin a fara ta.

A ranar 17 ga Disamba 2015 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idoji 122 na riƙon fursunoni, aka sa musu sunan Nelson Mandela, wanda ya yi shekara 27 a kurkuku, ya kuma kamu da tarin fuka a can. Ƙa'ida ta 24 ta ce lafiyar ɗaurarre nauyin gwamnati ne, kyauta, daidai da wadda mutanen waje ke samu. Ta 30 ta ce likita ya duba kowane sabon shiga ba tare da ɓata lokaci ba. Ta 27 ta ce shawarar magani ta ma'aikacin lafiya ce, ganduroba ba shi da ikon soke ta. Ta 118 kuma ta keɓance wanda ba a yanke wa hukunci ba, ta ba shi damar kiran nasa likitan in akwai dalili kuma zai iya biya.

A Afirka ma an gwada maganar a gaban hukuma. A 1998 Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, mai zama a Banjul, ta yanke cewa Najeriya ta take sashe na 16 na Yarjejeniyar Afirka saboda hana Ken Saro-Wiwa ganin likita a tsare, ta kuma bayyana cewa nauyin gwamnati yakan ƙaru ne idan mutum yana hannunta. A 2014 ta yi wa Sudan irin wannan hukunci a ƙarar Monim Elgak da Osman Hummeida da Amir Suliman, masu kare haƙƙin jama'a da hukumar leƙen asiri ta kama a Nuwamban 2008. Hummeida yana da hawan jini, ba a kuma kula da shi yadda ya kamata ba. Sudan ta shiga Yarjejeniyar Afirka tun 1986, ta kuma shiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai hana azabtarwa a Agustan 2021.

Maleriya ce, in ji takarda

Akwai wani dalilin da ya sa masana ke nacewa a kan likita ya ga mutum tun ranar da aka kama shi. A tarihin Sudan, sunan cuta ya sha zama mayafin da ake rufe gawa da shi.

Dakta Ali Fadul likita ne, yana cikin waɗanda suka shirya yajin aikin likitoci a ƙarshen 1989, 'yan watanni bayan juyin mulkin Umar al-Bashir. An kama shi aka kai shi ɗaya daga cikin gidajen sirri da 'yan Sudan suka yi wa laƙabi da gidajen fatalwa. A Afrilun 1990 ya rasu. Hukuma ta ce zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Iyalinsa da abokan aikinsa da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka ce duka ne. A ƙasar da sauro ke kashe mutane kowace damina, ba bayanin da ya fi wannan sauƙin sayarwa.

Bayan kusan shekara talatin aka sake irinta. Ahmad al-Khair malamin makaranta ne a Khashm al-Girba, jihar Kasala. Jami'an leƙen asiri suka kama shi a ƙarshen Janairun 2019, lokacin zanga-zangar da ta kawo ƙarshen mulkin Bashir. A ranar 2 ga Fabrairu aka sanar da iyalinsa ya mutu, aka ce gurɓataccen abinci ya ci. Wannan karon maganar ba ta binnu ba. Kwamitin bincike na niyaba, bisa rahoton likitan da ya duba gawar, ya bayyana cewa raunukan duka ne suka kashe shi. A ranar 30 ga Disamba 2019 wata kotu a Omdurman ta yanke wa jami'ai 29 hukuncin kisa, jama'a cike da titi a waje suna jiran sakamako. Shekara guda bayan haka, a Disamban 2020, aka ɗauke Baha'uddin Nuri daga unguwar Kalakla a Khartum, ya mutu a hannun dakarun kar-ta-kwana na RSF. Iyalinsa suka ƙi karɓar gawa sai an sake bincike, binciken kuma ya nuna raunuka a jikinsa.

Abin da ya raba shari'ar malamin Kasala da ta likitan 1990 shi ne rubutun likita mai gaskiya da aka bari ya kai gaban kotu. Idan an rubuta ranar farko cewa mutum ya shigo da ƙafarsa lafiya lau, to duk abin da aka gani a jikinsa rana ta uku yana da mai amsa tambaya. Rubutun yana kare ɗan sanda mai gaskiya ma, don idan mutum ya zo da tsohon ciwo, takarda za ta nuna ba a hannunsa ya samu ba.

Cututtukan bakin tur'a

Leburan Jazira ba ya shiga harasa da jiki garau kamar na ɗan birni mai cin mai kyau. Magudanan ruwan da suka raya auduga da alkama da gyaɗa, tun daga babbar tur'a har ƙananan da ake kira Abu Ishirin, su ne kuma gidan sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Abin ya kai har a 1979 gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya suka buɗe wani shiri na shekara goma a yankin Shuɗin Nilu domin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da gudawa. Mutanen kanabi su suka fi kusa da wannan ruwa. A ciki suke aiki, da yawa kuma shi suke sha, don yawancin kanabi ba a tsara su a matsayin ƙauyuka ba, ba famfo, ba ɗakin shan magani.

Tsargiyar hanji da ta daɗe takan lalata hanta, ta kumbura saifa, har mutum ya yi aman jini ba zato. Zazzaɓin da allurar kwana uku za ta warkar yakan kai ga suma in an bar shi. A haɗa waɗannan da ɗaki mai ƙaramar taga, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da bokiti ɗaya na bahaya ga mutane da yawa. Tarin fuka da ƙazuwa ba sa neman wurin da ya fi wannan. Cutar kuma ba ta tsayawa a bayan ƙyaure. Tana bin ɗan sanda zuwa gidansa, tana bin wanda aka saki zuwa kambonsu.

Hanyar da ta fi sauƙi ga marar lafiya ita ce a sake shi a kan beli, abin da ake kira damana a can. Sai dai beli yana son mai tsaya wa mutum, mai takardar shaidar ɗan ƙasa da sanannen mazauni. Hausawa da sauran waɗanda ake haɗawa a kira Fallata sun daɗe suna shan wuya wajen samun takardun zama ɗan ƙasa, ko da kakansu a bakin Nilu aka haife shi. Mai hawasha, wato mai rijistar gona a gandun, yakan samu mai tsaya masa kafin la'asar. Leburan da ke masa aiki yakan daɗe.

Na gaba ya koma baya

Hausawa na cewa duniya rawar 'yan mata ce. Bayan faɗuwar Bashir a Afrilun 2019, waɗanda suka riƙe mabuɗi shekara talatin suka tsinci kansu a kurkukun Kobar da ɗakunan harasa. Da cutar korona ta shigo, gwamnatin riƙon ƙwarya ta saki fursunoni 4,217 a Maris 2020 don rage cunkoso, amma manyan tsohuwar gwamnati suka ci gaba da zama. Ɗaya daga cikinsu, Ahmad Harun, ya kamu da cutar a tsare. A Mayun shekarar, Sharif Ahmad Umar Badr, tsohon gwamnan jihar Jazira, ya rasu bayan ya kamu da ita yana hannun hukuma, iyalinsa da magoya bayansa suka zargi masu tsare shi da sakaci. Sashen nan na 83 kuwa a zamanin mulkinsu aka rubuta shi.

Bashir kansa ya shafe lokaci mai tsawo na shari'ar juyin mulkin 1989, wadda aka fara a Yulin 2020, yana kai-kawo tsakanin Kobar da asibitin soja. A Satumban 2024, yana da shekara 80, aka ɗauke shi daga wajen Omdurman zuwa Marawi a arewacin ƙasar, lauyansa ya ce don samun kulawar da babu ita a inda yake. Mutane da yawa sun ji haushi, ganin irin waɗanda suka mutu a gidajen fatalwa ba ko ƙwayar ciwon kai. Amma a ido na doka, kai shi asibiti daidai ne. Abin tambaya shi ne me ya sa sashen da ya kai tsohon shugaban ƙasa Marawi bai iya kai leburan auduga asibitin Sinnar ba, alhali kalmominsa ba su ambaci muƙami ba.

Da yaƙi ya zo

A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin a kan ƙasa da sarauta. Sama da mutum 100 suka mutu, asibitocin Damazin da Rusairis suka cika har ana roƙon jini. A Oktoba aka sake yi a Wad al-Mahi, aka rasa sama da 200, gwamnan jihar ya kafa dokar ta-ɓaci. Dubban iyalai suka gudu Sinnar da Jazira da jihar Farin Nilu. Dokar ta-ɓaci ta 1997 tana ba jami'ai ikon tsare mutum ba tare da bin matakan yau da kullum ba, kuma a irin wannan tsaro ne zagayen wakilin niyaba ya fi saurin ɓacewa.

Sai babban yaƙi tsakanin sojoji da RSF, daga 15 ga Afrilu 2023. Wad Madani, wadda asibitocinta na ƙoda da na ciwon daji ke karɓar marasa lafiya daga jihohi da dama, ta faɗa hannun RSF a Disamban 2023. Sinja ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024, Sinnar ta yi watanni a kewaye. A Agustan 2024 ma'aikatar lafiya ta sanar da ɓarkewar kwalara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na cibiyoyin lafiya a yankunan faɗa sun daina aiki.

Da sojoji suka karɓe Sinja a Nuwamban 2024 da Wad Madani a 11 ga Janairu 2025, sai aka shiga farautar waɗanda ake zargi da haɗa kai da RSF, zargin kuma ya fi sauka a kan mutanen kanabi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta kisan aƙalla mutum 26 a Kambo Tayba ranar 10 ga Janairu. Waɗanda suka kai gaban kotu akan tuhume su ne da sashe na 50 da na 51 na dokar laifuka, masu ɗauke da hukuncin kisa, kuma dokar Sudan ba ta ba da beli na yau da kullum a laifin da hukuncinsa kisa ne. Ma'ana, mai ciwon ƙoda ko farfaɗiya da aka yi wa wannan tuhuma ba shi da wani likita sai wanda aka kawo masa ciki.

A Maris 2025 Ofishin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a kan wuraren tsare mutane a jihar Khartum, na RSF da na sojoji. Ya ce dubun dubatar mutane aka riƙe ba tuhuma, tsofaffin tsararru kuma suka ba da labarin cunkoso da yunwa da mutuwar abokan zamansu saboda rashin magani. Yaƙi bai zama uzuri ba. Sashe na 3 na Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 ya wajabta kula da marasa lafiya da masu rauni a yaƙin cikin gida, a kan kowane ɓangare, gwamnati ne ko 'yan tawaye.

Daga Bagadaza zuwa Abuja

Masu ganin wannan magana baƙuwa ce daga Turai sun manta da nasu tarihin. Alƙalin alƙalai Abu Yusuf, a littafinsa Kitabul Kharaj, ya shawarci Halifa Haruna Rashid da a ciyar da mutanen kurkuku daga baitulmali, a ba su tufafin sanyi da na zafi. A ƙarni na 10, waziri Aliyu ɗan Isa ya rubuta wa babban likitan Bagadaza, Sinan ɗan Sabit, cewa a ware likitoci su riƙa shiga kurkuku kullum da magunguna, don yawan ɗaurarru da ƙuncin wurin ba za su bar su lafiya ba. An yi haka shekara dubu kafin ƙa'idojin Mandela.

'Yan'uwa na yamma ma sun san ɗacin abin. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina, ya rasu yana ɗaure a Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997. Sheikh Ibrahim Zakzaky, wanda aka tsare tun Disamban 2015 da raunukan harsashi, sai a Agustan 2019 wata kotun Kaduna ta ba shi izinin fita Indiya neman magani. A ranar 1 ga Nuwamba 2024 kuma aka gurfanar da waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, cikinsu da yara ƙanana daga Kano da Kaduna. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali bayan kusan wata uku a tsare. Hotunan suka zagaya duniya, cikin kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakin yaran. Su dai an gan su, don a gaban kyamara suka faɗi.

Abin da ke hannun iyali

A irin waɗannan shari'o'i, takarda ta fi roƙon baki amfani. Roƙo a ƙofa yakan tafi da iska in aka canja mai gadi. Buƙatar da aka rubuta wa wakilin niyaba, da sunan cutar da sunan maganin da kwanan wata, tana shiga fayil, kuma daga ranar ba wanda zai ce bai sani ba. Katin asibiti na da, ko kwalin maganin da mutum ke sha, hujja ne. In an ga rauni, a nemi Urnik Tamanya ta hannun niyaba. Ranar da aka kai mutum gaban alƙali don sabunta tsaro, wannan ce damar da zai faɗi ciwonsa da bakinsa a rubuta. In kuma ta Allah ta kasance a tsare, iyali na da ikon neman a binciki gawa kafin a binne, ko da yake wannan ya fi kome nauyi ga Musulmin da ya saba gaggauta jana'iza. Iyalin Nuri sun jure kwanaki suna jira.

Duk wannan yana son mai karatu da rubutun Larabci, da kuɗin mota zuwa Sinnar ko Madani, da zuciyar tsayawa gaban jami'i. A ƙauyukan Hausawa akan jingina da limami, ko shehun unguwa, ko wani ɗan gari da ya yi karatun shari'a. A kambo mai nisa sau da yawa ba ko ɗaya.

Saboda haka matan nan na ƙofa suna da nasu hanyar sanin halin da mutum ke ciki. Bayan azahar akan fito da amud a miƙa wa mai shi. Kafin ta bar wurin sai ta buɗe kwanonin ɗaya bayan ɗaya. In an cinye tas, ta koma gida ta gaya wa yara Baba yana gaishe su. In tuwon ya dawo yadda ta kai shi, ko an ɗan taɓa gefe aka bari, sai ta ɗaure bakin mayafi ta tambayi hanyar ofishin niyaba.